Ciwon Ɓarin Kai a Yaro Ɗan Shekara 10: Nazarin Lamari

Yaron da wannan nazari ya shafa ɗan shekara 10 ne, nauyinsa kilo 30, kuma mahaifiyarsa ce ta kawo shi bayan ya shafe fiye da shekara guda yana fama da ciwon kai mai zuwa ya tafi. Na sakaya sunansa da duk abin da zai sa a gane iyalinsa, domin abin da zai amfani mai karatu shi ne yadda aka bi aka gano cutar da yadda aka tunkare ta. Ranar da na fara ganinsa lafiyarsa ƙalau, yana zaune a bakin gadon gwaji yana kaɗa ƙafafu yana ƙare wa kayan aikin da ke kan tebur kallo, har mahaifiyar ta ce da ni cikin jin nauyi: "Likita, yau da muka zo kamar ba shi ba, amma da ka gan shi shekaranjiya da ka tausaya masa." Wannan magana tata ce ta fara karkatar da tunanina zuwa ga ciwon ɓarin kai, saboda cuta ce da ke kayar da yaro na wasu sa'o'i sannan ta sake shi ya miƙe garau.

Kafin su iso gare ni an riga an zaga da shi wurare da dama. An kai shi gwajin ido bisa zaton cewa kallon allon aji ne yake wahalar da shi, aka ce ganinsa lafiya lau. An ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta har sau biyu bisa zaton kumburin kogon hanci, alhali ba ya mura, ba ya zazzaɓi, hancinsa kuma ba ya toshewa. An ɗebi jininsa, sakamakon bai nuna komai ba. Ba na ɗora laifi a kan waɗanda suka gan shi a baya, domin kowannensu ya gan shi ne na 'yan mintuna yana neman cuta guda ɗaya, sai dai duk sakamako mai kyau da ya fito ƙara raba kan iyayen yake yi maimakon ya kwantar musu da hankali. Mahaifin ya kafe a kan cewa gudun makaranta yaron yake yi, hujjarsa kuwa ita ce da hantsi a dawo da shi gida yana kuka, da yamma a tarar da shi yana buga ƙwallo. Ita kuma mahaifiyar har ta kai ga ba ta iya barci saboda tunanin ƙari a ƙwaƙwalwa, kuma buƙata ɗaya tak ta zo da ita, wato a yi masa hoton kai.

Abin da yaron ya faɗa da bakinsa

Na roƙi mahaifiyar ta ɗan dakata, na juya kujerata na fuskanci yaron, na ce ya nuna mini inda yake masa ciwo. Bai nuna da yatsa ba, sai ya ɗora tafukan hannayensa biyu a kan goshi ya dafe gefe da gefe. Da na tambaye shi yadda ciwon yake, ya yi shiru na ɗan lokaci sannan ya ce: "Kamar wani ne a ciki yake buga mini guduma, idan na hau matakala sai ya ƙara ƙarfi." Yara da yawa ba su san kalmomin da manya ke siffanta ciwo da su ba, shi ya sa nake ajiye takarda da fensir a kusa. Na miƙa masa na ce ya zana kansa a lokacin da ciwon ya tashi. Ya zana yaro kwance da matashi a kan fuska, ga guduma a sama, ga bokiti a gefen gado. Bokitin na amai ne.

Daga nan labarin ya fito dalla-dalla. Ciwon yakan fara da hantsi ko bayan tsakar rana, kuma kafin ya fara mahaifiyar takan lura yana yawan hamma da saurin fushi, wani lokaci tun daren jiya. Idan ya kankama sai fuskarsa ta yi fayau, idanunsa su faɗa, ya kifa kai a kan tebur a aji. A gida yakan shige ɗaki ya ja labule, ya ce wa ƙanwarsa ta rage ƙarar talabijin. Zuciyarsa takan tashi kusan kowane karo, kuma yakan yi amai a kusan rabin lokutan. Bayan aman sai barci ya ɗauke shi na sa'a biyu ko makamancin haka, ya farka da yunwa kamar ba abin da ya faru. Daga farawa zuwa farkawa yakan ɗauki sa'a 3 zuwa 4. A farko sau ɗaya yake zuwa a wata, amma a watanni ukun da suka gabaci zuwansu ya kai sau 5 zuwa 6 a wata.

Tambayoyi biyu ne suka cike giɓin da ya rage. Ta farko game da yarintarsa: ashe tun yana ɗan shekara 6 ya sha fama da ciwon ciki a kewayen cibiya, mai zuwa da amai da kasala, ya yini guda ya wuce, an yi gwaje-gwaje ba a ga komai ba, kuma har yanzu tafiyar mota takan sa shi jiri da tashin zuciya. Irin wannan ciwon ciki mai maimaituwa, da amai mai zuwa lokaci zuwa lokaci, da jirin da ke kama ƙananan yara na 'yan mintuna, duk an san su a matsayin siffofin da ciwon ɓarin kai kan fara bayyana da su kafin ya hau kai. Ta biyu game da iyali: da na tambayi ko akwai mai ciwon ɓarin kai a gidan, mahaifiyar ta ce babu. Da na sake tambaya ta wata fuska, ko akwai wanda ciwon kai ke kwantar da shi a ɗaki mai duhu, sai ta yi murmushi ta ce ita ce, tun tana budurwa, musamman gab da al'ada, amma ta ɗauka haka kowace mace take. Ba a taɓa gaya mata sunan abin da ke damunta ba. Gado yana da ƙarfi a wannan cuta, kuma mafi yawan yaran da ke da ita akan samu uwa ko uba ko wani na kusa da yake da ita.

Da na ambaci sunan cutar, nan take mahaifiyar ta ce: "Amma ai shi ba ɓari ɗaya ne yake masa ciwo ba." Ina ganin wannan shi ne babban abin da ke jinkirta gano cutar a yara, kuma sunan ne da kansa yake ruɗar mutane. Ko a harsunan Turai ma asalin sunan kalmar Girkanci ce mai ma'anar rabin ƙoƙon kai, wadda ake danganta ta ga likita Galen na ƙarni na biyu. Siffar manya ce aka sa wa cutar a matsayin suna. A yara kuwa ciwon ya fi kama goshi da gefuna biyu a tare, kuma sai a ƙarshen shekarun balaga ne yake komawa ɓari ɗaya. Haka nan ya fi gajarta. A bugu na uku na kundin rarrabe ciwukan kai da Ƙungiyar Nazarin Ciwon Kai ta Duniya ta fitar a 2018, an ce a manya ciwon yakan ɗauki sa'a 4 zuwa 72, amma a waɗanda ba su kai shekara 18 ba ana ƙirgawa daga sa'a 2, kuma idan barci ya ɗauki mai ciwon ya farka babu shi, lokacin barcin yana cikin lissafi.

Sauran sharuɗɗan kundin su ne a samu aƙalla karo 5, kuma ciwon ya cika biyu daga cikin siffofi huɗu, wato ya kama ɓari ɗaya, ya riƙa sarawa kamar bugun zuciya, ya kasance matsakaici ko mai tsanani, motsin yau da kullum ya ƙara shi. Sannan ya zo da tashin zuciya ko amai, ko kuma da ƙin haske da ƙin ƙara a haɗe, kuma a ƙananan yara an yarda a gane wannan daga halayyarsu ko da ba su furta ba. Yaron da ke jan labule yana neman a rage ƙarar talabijin ya riga ya ba da amsa. Wannan yaro ya cika uku daga cikin siffofi huɗun, ya cika sauran sharuɗɗan gaba ɗaya. Ba kuma baƙon abu ba ne a shekarunsa, domin kusan ɗaya cikin kowane goma na yara da matasa suna da wannan cuta, kuma kafin balaga maza ba su gaza mata ba, sai bayanta ne mata suke yin rinjaye sosai.

Batun hoton ƙwaƙwalwa

Cika sharuɗɗa bai wadatar ba sai an tabbatar babu wata cuta da ke fakewa a bayan ciwon. Na auna hawan jininsa, na duba tsawonsa da nauyinsa a kan jadawalin girma, na gwada motsin idanunsa da ƙarfin gaɓoɓinsa, na sa shi tafiya a kan layi ɗaya diddige na taɓa yatsa, na sa ya rufe ido ya taɓa hancinsa. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne leƙa cikin idonsa da fitilar gwaji domin ganin bakin jijiyar gani, saboda idan matsin da ke cikin ƙoƙon kai ya hau, a nan kumburi yake bayyana. Komai ya fito daidai.

Sai na bi alamun haɗari ɗaya bayan ɗaya tare da mahaifiyar, da gangan kuma da babbar murya, domin ta ji amsoshinta da kunnenta. Ciwon bai taɓa tashinsa daga barci ba. Ba ya amai da asuba ba tare da tashin zuciya ba. Tari ko yunƙuri ko kwanciya ba sa ƙara ciwon. Ba a ƙeya yake ba, kuma ciwon ƙeya a yaro abu ne da ke buƙatar taka-tsantsan. Bai taɓa farfaɗiya ba, bai taɓa ganin abu biyu-biyu ba, tafiyarsa da rubutunsa da halinsa ba su canza ba. Babu zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Ciwon ba ya ƙaruwa a kullum kamar hawan tsani, zuwa yake ya tafi ya bar shi sumul. Ƙarin da ya kai shekara guda yana sa ciwon kai da amai da wuya ƙwarai ya bar yaro da gwajin jiki mai kyau haka.

Na gaya mata cewa ba zan tura shi hoto ba, na kuma bayyana dalili, domin ƙin yin hoto ba tare da bayani ba yana kama da rashin kulawa. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa suka daɗe a kanta ita ce yaron da ciwon kansa ke maimaituwa, ya cika sharuɗɗan ciwon ɓarin kai, gwajin jikinsa kuma ya fito lafiya, ba ya buƙatar hoto. Ciwon ɓarin kai ba ya fitowa a hoto. Na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin kai tana amfani da wani haske mai ratsa jiki da ba a son a riƙa haska wa ƙwaƙwalwar yaro ba gaira ba dalili, ita kuma ɗaya na'urar hoton, wato MRI, sau da yawa takan nuno wasu ƙananan abubuwa marasa illa da ba su da alaƙa da ciwon, su jefa iyali cikin sabon tashin hankali na shekaru. Na yi mata alkawarin cewa idan ɗaya daga cikin alamun da muka lissafa ta bayyana, ni da kaina zan rubuta takardar hoton a ranar. Na rubuta mata alamun a takarda ta tafi da ita. Ba zan ce ta gamsu sarai a ranar ba, amma ta amince mu gwada mako shida.

Shi ma yaron yana da hakkin a yi masa bayani daidai fahimtarsa. Na ce masa ƙwaƙwalwarsa lafiyayya ce, sai dai tana da saurin jin canji, kuma idan abubuwa suka taru mata sai wata jijiya mai rassa uku da ke kula da fuska da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa ta fara fitar da sinadarai masu sa wurin zafi, daga cikinsu akwai wanda ake kira CGRP. Naman ƙwaƙwalwa shi kansa ba ya jin ciwo, tantanin da jijiyoyin jinin da ke cikinsa ne suke ji. Abin da ya fi shiga ransa a duk bayanin shi ne da na ce masa na yarda ciwon gaske ne. Sai ya kalli mahaifiyarsa ya ce: "Mama, ki gaya wa Baba."

Magani

Da na bincika abin da ake ba shi idan ciwon ya tashi, sai na gane cewa ba a taɓa yi masa magani yadda ya kamata ba ko sau ɗaya. Mahaifiyar takan ba shi rabin ƙwayar farasitamol, wato miligiram 250, kuma takan jira sai ta ga ciwon ya yi tsanani, saboda tsoron kada jikinsa ya saba da magani. Niyyarta mai kyau ce, amma kuskure biyu ne a haɗe. Ma'aunin farasitamol a yaro miligiram 15 ne a kowane kilo, wanda ke nufin 450 ga mai nauyinsa, kusan ninki biyu na abin da yake samu. Sannan idan ciwon ɓarin kai ya yi nisa, ciki yakan rage aiki, maganin ya zauna a tumbi bai wuce hanji ba, daga ƙarshe ya dawo da amai. Ƙwayar da aka sha bayan sa'a biyu sau da yawa a bokiti take ƙarewa.

Jagorar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ƙungiyar ciwon kai ta ƙasar suka fitar a 2019 ta sa ibufurofen a gaba ga yara, a ma'aunin miligiram 7.5 zuwa 10 a kowane kilo. Bayan na tabbatar ba shi da gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma, na rubuta masa miligiram 300, ya sha da cikakken kofin ruwa da zarar ya ji ciwon ya fara, tun bai yi ƙarfi ba, sannan ya kwanta a wuri mai shiru da ƙarancin haske. Tun da yawancin karon a makaranta suke farawa, na rubuta wa makarantar takarda cewa a ajiye masa maganin, a ba shi da zarar ya nema ba sai an kira gida ba, a bar shi ya kwanta na rabin sa'a zuwa sa'a guda, idan ya wartsake ya koma aji. A ganina wannan takarda ta yi aiki daidai da maganin kansa.

Tsoron mahaifiyar game da yawan shan magani yana da tushe, sai dai iyakar tana wani wuri ne dabam. Shan magungunan rage zafi na kwana 15 ko fiye a wata, ko magungunan tiriftan, waɗanda aka yi musamman don ciwon ɓarin kai, na kwana 10 ko fiye, har tsawon sama da wata 3, yana iya haifar da wani ciwon kai na kullum wanda maganin ne sanadinsa. Saboda haka muka tsayar da cewa kada ya wuce kwana 2 zuwa 3 a mako. Na kuma hana asfirin saboda haɗarin cutar Reye da ke lalata hanta da ƙwaƙwalwar yara, na hana kodin da tiramadol da danginsu, waɗanda ba su da gurbi a maganin wannan ciwo, balle a jikin yaro.

Abu na ƙarshe da na ba shi shi ne ƙaramin littafi. Na ce shi zai riƙa cikawa da hannunsa: ranar da ciwon ya zo, ƙarfe nawa ya fara, ƙarfe nawa ya sha magani, ƙarfe nawa ya tafi, ƙarfe nawa ya kwanta daren jiya, ko ya karya kumallo. Mun kuma cike ma'aunin PedMIDAS, tambayoyi 6 da ke ƙirga kwanakin makaranta da wasa da ayyukan gida da ciwon ya ɓata a wata 3. Ya samu maki 34, wanda ke cikin rukunin matsakaiciyar tawaya, tsakanin 31 da 50.

Bayan mako shida suka dawo da littafin, kuma abin da ke ciki ya fi duk gwaje-gwajen da aka yi masa amfani. Ciwon ya zo sau 7. Biyar daga ciki sun biyo bayan daren da ya kai sha ɗaya da rabi bai yi barci ba, kuma a nan ya amsa cewa yakan shiga da wayar mahaifiyarsa cikin bargo. Huɗu sun zo a ranakun da ya makara ya fita ba karin kumallo. Ya kuma faɗi abin da bai taɓa gaya wa kowa ba, cewa ba ya shan ruwa a makaranta don kada ya buƙaci shiga banɗaki. Biyu daga cikin bakwai ɗin sun zo ne a ranakun hutun ƙarshen mako, ɗaya ma ya hana shi wasan ƙwallon da ya yi mako yana jira. Mahaifiyar ta ce da mahaifin ya karanta wannan shafi bai ce komai ba, amma tun daga ranar bai sake cewa ƙarya yaron yake yi ba.

Gyaran da muka yi mai sauƙin faɗi ne, mai wuyar ɗorewa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, don haka aka tsayar masa da lokacin kwanciya da na tashi guda ɗaya har da ranakun hutu, waya kuma ta kwana a wani ɗaki. Kada ya fita ba karin kumallo, ya tafi da gorar ruwa, a rage masa abubuwan sha masu sinadarin kafeyin, ya ci gaba da wasansa. Mahaifiyar ta zo da dogon jerin abubuwan ci da ta karanta cewa suna tayar da ciwon, na ce ta ajiye shi, domin littafin yaron bai nuna ko ɗaya ba, kuma hana yaro mai girma abinci iri-iri bisa zato yana da nasa illar. Sau da yawa ma sha'awar wani abin ci alama ce ta cewa ciwon ya riga ya taso, sai a ɗora wa abincin laifin da ba nasa ba.

A wannan zama ne ta tambayi ko babu ƙwayar da zai riƙa sha kullum don ciwon ya daina zuwa. Akwai, kuma yawan karon da yake samu ya kai matakin da ake tattauna batun. Amma na gaya mata abin da bincike ya nuna ba tare da ƙari ba. A wani gwajin magungunan rigakafi mai suna CHAMP da aka wallafa a 2017, an raba fiye da yara 300 masu shekara 8 zuwa 17 kashi uku na tsawon mako 24. Waɗanda kwanakin ciwonsu suka ragu da rabi ko fiye sun kai kashi 52 cikin ɗari a masu shan amitiriftilin, kashi 55 a masu shan tofiramet, da kashi 61 a masu shan ƙwayar da babu magani a cikinta. An dakatar da gwajin kafin wa'adinsa saboda babu alamar magungunan za su yi rinjaye, illolinsu kuma sun fi yawa: kasala da bushewar baki ga na farko, jin tsira-tsira a hannu da ƙafa da ramewa ga na biyu. Yadda nake fahimtar wannan sakamako shi ne yara suna samun sauƙi sosai idan aka gano cutarsu, aka saurare su, aka gyara maganin gaggawa, aka riƙa bibiyarsu, kuma duk yaran da ke gwajin sun samu wannan kulawa. Ban rufe ƙofar maganin rigakafi ba, domin akwai yaran da suke buƙatarsa, amma kowanne yana da sharaɗi: furofaranolol bai dace da mai asma ba, balfurowet kuma yana da mummunan haɗari ga ɗan tayi, don haka ake guje masa a 'yan matan da suka balaga. Abin da ya nuna amfani a fili shi ne horon sarrafa tunani da ɗabi'a. A wani gwaji na 2013 a birnin Sinsinati na Amurka kan yara 135 masu ciwon da ya zama na kullum, kashi 66 na waɗanda aka haɗa musu wannan horo da amitiriftilin sun samu ragin rabi, a kan kashi 36 na waɗanda aka haɗa musu maganin da bayani kawai. Yaronmu bai kai wannan mataki ba, amma na koya masa numfashi mai zurfi a hankali, ya riƙa yi kafin barci da lokacin da ciwon ya fara.

Koma baya a wata na uku

Al'amura sun fara daidaita sai aka kira ni wata rana da rana tsaka cewa yaron ya ce ba ya gani. Da suka iso ganinsa ya dawo, ciwon kai da amai ne suka rage. Ya ba da labarin cewa yana karatu sai wani ɗigo mai ƙyalli ya bayyana a tsakiyar shafi, ya riƙa faɗaɗa yana zama layi mai lanƙwasa kamar haƙoran zarto, yana matsawa gefe yana barin duhu a bayansa, har tsawon kusan minti 20, sannan kan ya fara sarawa. Wannan ita ce alamar gargaɗi da likitoci ke kira awura, wadda takan ɗauki minti 5 zuwa 60 ta wuce gaba ɗaya. Tushenta wata igiyar canji ce a aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da ke rarrafawa a ɓangaren gani da saurin kimanin milimita 3 a minti, wadda masanin ƙasar Birazil Aristides Leão ya fara siffantawa a 1944. Wannan jinkiri nata ne yake bambanta ta da shanyewar ɓarin jiki, wadda ke faɗowa lokaci guda. Na sake yi masa cikakken gwaji har da leƙa ido, babu rauni a hannu ko ƙafa, magana daidai. Na rubuta abin a fayil a matsayin karo na farko, domin sai an samu biyu ake tabbatar da ciwon ɓarin kai mai awura.

Littafin ya kuma nuna cewa a karo ukun ƙarshe ibufurofen ya gaza sau biyu duk da an sha shi da wuri. A nan na ƙara rizatiriftan, ɗaya daga cikin magungunan tiriftan, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi ga masu shekara 6 zuwa 17 tun 2011, miligiram 5 ga wanda bai kai kilo 40 ba. Na zaɓi nau'in da ke narkewa a kan harshe saboda yawan amansa. Na jaddada cewa a sha shi lokacin da ciwon kan ya fara, kada a sha a lokacin ƙyallin, kuma idan wata rana alamar ta zo da raunin hannu ko ƙafa, kada a ba shi, a kawo shi nan take.

A wata na shida mahaifin ne ya kawo shi. Ciwon ya sauko zuwa sau 2 a wata, yawancinsu suna lafawa cikin sa'a guda bayan magani, sau ɗaya kawai aka buƙaci rizatiriftan a wata biyun ƙarshe, kuma makin PedMIDAS ya sauko daga 34 zuwa 8. Bai rasa ko yini ɗaya na makaranta ba a wannan zango. Mahaifin ya tambaye ni kai tsaye ko yaron ya warke ke nan, na ce masa a'a, an dai shawo kan ciwon. Likitan ƙasar Suwidin Bo Bille, wanda ya wallafa bincikensa kan 'yan makaranta kusan 9,000 a birnin Ufsala a 1962, ya ci gaba da bibiyar 73 daga cikin masu ciwon har shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun rabu da shi kafin su kai shekara 25, maza sun fi mata samun wannan sa'a, amma fiye da rabi suna tare da shi har zuwa shekara 50. Na gaya masa cewa lokacin jarrabawa da shigowar balaga suna iya tayar da shi, kuma ma'aunin magungunan zai canza yayin da nauyinsa ke ƙaruwa, musamman idan ya kai kilo 40.

Na ɗora yaron a kan sikeli, ya kai kilo 32, don haka ban taɓa ma'aunin ba. Na sabunta takardar makaranta, na sake karanta wa mahaifin alamun haɗari tun da bai halarci zaman farko ba, na sa musu ranar dawowa bayan wata 4. Suna shirin fita yaron ya nuna mini cewa littafinsa saura shafi uku ya cika, na buɗe aljihun tebur na ba shi sabo. Mahaifin kuma ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko matarsa ma za ta iya zuwa a duba nata ciwon kan, na rubuta mata rana a makon da ya biyo baya.